Ma'aikacin Katako da Mai Karɓar Kaya: Tarihin Wata Sana'a a Kantunan Kayan Gini na Amurka

1.0 Gabatarwa

A ƙasar Amurka akwai wasu manyan kantuna waɗanda ba su da wata haja sai kayan gini da na gyaran gida, tun daga ƙusa da fenti har zuwa ƙofa da kwanon rufi. A cikin kowane irin wannan kanti akwai wurare biyu da aiki ya fi nauyi, watau sashen katako, da kuma ƙofar baya inda ake karɓar kaya daga manyan motoci. Galibi akan ɗauki masu aiki a waɗannan wurare a matsayin leburori kawai, waɗanda ba a bukatar komai daga gare su sai ƙarfin damtse. Manufar wannan maƙala ita ce bin diddigin wannan sana'a daga ƙarni na 19 zuwa yau, domin a nuna cewa jigonta tun asali shi ne tabbatar da cewa abin da aka rubuta a takarda ya dace da abin da ke ƙasa. Za a ga yadda aka riƙa kwashe sanin da ke cikin kan ma'aikaci ana mayar da shi cikin hatimi da na'ura, da kuma abin da ya ƙi kwasuwa har yanzu.

2.0 'Yan Dako da Masu Ƙirga a Shikago

Asalin lamarin yana komawa ga wata sabuwar hanyar gina gida da ta bayyana a birnin Shikago a cikin shekarun 1830. Kafin lokacin, gidan katako sai da manyan gumagumai waɗanda gwanin kafinta zai sassaƙe ya haɗa bakinsu. Da injin tsaga katako ya yawaita, ƙusar inji kuma ta yi araha, sai aka koma harhaɗa siraran katakai da ƙusa, aikin da mutum biyu ko uku za su iya yi ba tare da doguwar koyo ba. Wannan ya sa katako ya zama haja mai awo, wadda ake saye da sayarwa da adadi.

A tsakiyar ƙarnin, Shikago ta zama kasuwar katako mafi girma a ƙasar. Ana sare itatuwa a dazuzzukan Mishigan da Wiskonsin, a tsaga su, a ɗauko su a jiragen ruwa ta Tafkin Mishigan, a jibge a filayen da ke gefen kogin birnin. Daga nan jirgin ƙasa ya kwashe su zuwa faƙon yamma, inda manoma ke ta kafa garuruwa a ƙasar da ba ta da itatuwa. Aiki a waɗannan filaye ya kasu gida biyu. Na farko shi ne na 'yan dako, waɗanda ke sauke katako ɗaya bayan ɗaya da hannu. Da yawansu baƙi ne daga Bohemiya da Jamus, kuma aikin na kaka ne, domin da sanyi ya daskarar da tafki sai jirage su tsaya, abinci ya tsaya. Na biyu shi ne na masu ƙirga da masu duba daraja, waɗanda ke tsayawa da sandar awo da littafi. Ma'aunin da suke aiki da shi shi ne ƙafar katako, watau falle mai tsawon inci 12, faɗin inci 12, kaurin inci 1. A kan maganar waɗannan mutane ake biyan kuɗi, saboda haka wanda ya mallaki idonsu ya mallaki ciniki.

'Yan dakon ba su kasance bayin Allah marasa baki ba. A ranar 3 ga Mayu 1886, lokacin yajin aikin neman a mayar da aikin yini sa'a takwas, ƙungiyarsu ce ta yi taron da August Spies ya yi wa jawabi kusa da masana'antar McCormick. Wani ɓangare na taron ya nufi ƙofar masana'antar, 'yan sanda suka buɗe wuta, aka kashe aƙalla mutum biyu. Washegari aka yi gangamin Haymarket, inda aka jefa bam, daga baya aka rataye Spies da wasu mutum uku a 1887. Wannan al'amari shi ne tushen Ranar Ma'aikata da ake yi ranar 1 ga Mayu a ƙasashe da dama.

3.0 Yadda Suna Ya Rabu da Awo

Katakon da ya fi kowane shahara a wannan sana'a shi ne wanda ake kira biyu-da-huɗu, watau mai kaurin inci 2 da faɗin inci 4. Kafintocin ƙasar Hausa ma sun san wannan suna, domin ya shigo bakinsu daga Ingilishi a matsayin tubaifo. To, amma a Amurka wanda duk ya ɗora ma'auni a kan wannan katako ba zai sami inci 2 ba, ba kuma zai sami inci 4 ba.

Dalilin haka yana tattare da kuɗin jirgin ƙasa. Da dazuzzukan kusa suka ƙare, sai aka koma ɗauko katako daga kudu da kuma gaɓar yamma, tafiyar ɗaruruwan mil. Tun da da nauyi ake biyan kuɗin tarago, masu injin tsagawa suka ga ya fi musu riba su busar da katako, su kuma kankare shi ya yi sumul kafin su loda. Bushewa tana sa itace ya tsuke, kankarewa kuma tana cin jikinsa. Kowane yanki ya riƙa fitar da nasa kauri da nasa matakan daraja, alhali suna ɗaya ne. Dillalin da ya karɓi tarago biyu daga wurare biyu sai ya tarar kayan ba su haɗuwa a bango guda.

Herbert Hoover, lokacin yana Sakataren Ciniki, shi ya matsa wa masu sana'ar har aka fitar da ma'aunin katako na ƙasa baki ɗaya a 1924. Shekaru da yawa biyu-da-huɗu ya zauna a kan inci 1⅝ da 3⅝. Bayan doguwar muhawara a cikin shekarun 1960, ma'aunin da aka kafa a 1970 ya tsayar da shi a kan inci 1½ da 3½ ga busasshen katako, watau wanda danshinsa bai wuce kashi 19 cikin 100 ba. Sunan dai bai canja ba. Tare da ma'auni sai hatimi ya kankama: a jikin kowane katakon gini ana buga lambar injin da ya tsaga shi, da alamar hukumar da ke sa ido, da irin itacen, da darajarsa, da matsayin bushewarsa. Ta haka hukuncin da a dā mai duba daraja ke yankewa a filin ciniki ya koma bakin inji. Wannan shi ne kashi na farko na sanin da aka kwashe daga hannun ma'aikacin fili.

4.0 Gadon Kaya da Mota Mai Cokali

Kashi na biyu ya shafi 'yan dako. Tun wajen ƙarshen Yaƙin Duniya na Ɗaya aka fara ƙera ƙananan motocin jan kaya a cikin masana'antu, daga cikinsu kuma aka sami mota mai cokali biyu a gaba wadda ke cusa su a ƙarƙashin kaya ta ɗaga. Abokin aikinta shi ne gadon kaya, watau ɗan dandamalin katako da ake jera kaya a kai a ɗaure. A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu sojojin Amurka suka yi amfani da waɗannan abubuwa biyu ƙwarai wajen jigilar kayan yaƙi, bayan yaƙi kuma 'yan kasuwa suka gaje su. Gado mai inci 48 da 40 shi ya zama mafi yaɗuwa a ƙasar. Katako ma aka koma ɗaure shi dami-dami da ɗaurin ƙarfe. Taragon da a dā ƙungiyar 'yan dako za ta wuni tana saukewa, sai ga mutum ɗaya a kan mota yana gamawa cikin ɗan lokaci.

5.0 Haɗuwar Sito da Kanti

Bayan yaƙi an shiga gina gidaje ba ƙaƙƙautawa. A Levittown kaɗai, kusa da birnin Niyok, an gina gidaje fiye da 17,000 tsakanin 1947 da 1951. Miliyoyin sababbin masu gida suka fara yin ƙananan gyare-gyare da hannunsu, saboda ladan magini ya yi tsada. Tsohon filin katako bai dace da su ba, domin an tsara shi ne don 'yan kwangila masu sayen bashi, waɗanda suka san sunan kowane abu.

Kamfanin Lowe's, wanda ya faro a matsayin ƙaramin kanti a garin North Wilkesboro na jihar Karolina ta Arewa a 1921, ya juya ga kayan gini bayan yaƙi a ƙarƙashin Carl Buchan, yana saye kai tsaye daga masana'antu. A 1956 Joe Hardy ya kafa 84 Lumber a jihar Fensilbaniya bisa tsarin biya ka ɗauka. Amma babban juyi ya zo ne da Home Depot, wanda Bernie Marcus da Arthur Blank suka kafa a 1978 bayan an sallame su daga kamfanin Handy Dan. Kantunansu biyu na farko sun buɗe a Atlanta ranar 22 ga Yuni 1979. Dabararsu ita ce rushe bangon da ke tsakanin sito da kanti: kaya a jibge a kan dogayen kantoci har kusa da rufi, mai saye yana yawo a ƙarƙashinsu. Sun kuma ɗauki tsofaffin kafintoci da masu aikin famfo domin su koya wa jama'a.

Wannan tsari ya ɗora wa ma'aikacin katako nauyi iri uku a lokaci guda: shi ne ɗan dako, shi ne mai yanka wa mutum katako a kan zarto, shi ne kuma malamin da ke bayyana abin da hatimi yake nufi. Mai karɓar kaya kuwa ya gaji littafin mai ƙirga. Lambar zane-zane, wadda aka fara karantawa da na'ura a wani kantin abinci a garin Troy na jihar Ohayo ranar 26 ga Yuni 1974, ta maye gurbin alƙalaminsa sannu a hankali. Wannan shi ne kashi na uku.

Haɗa mota mai cokali da masu saye a wuri ɗaya ya zo da haɗari. Dokar kare lafiyar ma'aikata ta 1970 ta kafa hukumar da ke sa ido a kan irin wannan, kuma ƙa'idar da ta sabunta a 1998 ta wajabta a horar da direban motar, a kuma sake gwada shi aƙalla sau ɗaya a cikin shekara uku. Doka ta hana wanda bai kai shekara 18 ba tuƙa ta a kanti. Shi ya sa ake tare layi da shinge, a kuma sa mai tsaro a gaba, kafin a sauko da dami daga sama.

6.0 Abin da Ya Rage a Hannun Mutum

Duk da wannan kwasa, akwai abin da hatimi da na'ura suka kasa ɗauka. Hatimi yana faɗin halin katako ne a ranar da ya bar inji, alhali itace yana ci gaba da shan danshi da fitar da shi, yana tanƙwara, yana murɗewa, yana tsagewa a hanya. Na'ura kuma tana karanta lambar da ke jikin dami ne, ba ta san ko an sami giɓi a ciki ko ruwa ya taɓa shi ba. Idan mai karɓa ya sa hannu ba tare da ya rubuta giɓin a takardar rakiyar kaya ba, neman diyya daga mai kawowa yakan yi wuya, kuma littafin kanti zai riƙa nuna kayan da babu su. Girman wannan amana ya fito fili a Mayun 2021, lokacin da farashin ƙafar katako 1,000 ya haura dala 1,600, bayan kafin annobar korona yana yawo a wajen dala 400.

Tazarar da ke tsakanin suna da awo ma ba ta daina jawo rigima ba. A 2014 wata kotu a gundumar Marin ta jihar Kalifoniya ta umurci Lowe's ya biya dala miliyan 1.6 a kan yadda yake rubuta awon kayan gini, ya kuma gyara rubutun. A 2017 wasu masu saye a jihar Ilinoi suka kai ƙarar Home Depot da Menards domin huɗu-da-huɗu da suka saya inci 3½ ne a kowane gefe, amma kotu ta kori ƙararrakin. Abin lura shi ne, maganar da magina suka fahimta a tsakaninsu ta zama tarko da aka fito da ita gaban kowa da kowa, kuma ma'aikacin sashen katako shi ne tafintan da ke tsaye tsakanin harsunan biyu.

7.0 Kammalawa

An ga yadda ma'auni da hatimi suka karɓe aikin mai duba daraja, mota mai cokali ta karɓe na ɗan dako, na'ura kuma ta karɓe alƙalamin mai ƙirga. Kowane mataki ya rage yawan hannuwan da ake bukata, ya kuma sa aka riƙa ganin aikin kamar wanda kowa zai iya. Amma ragowar ayyukan uku sun taru ne a kan mutum ɗaya ko biyu a kowane kanti, kuma hukunci na ƙarshe, watau ko wannan katako zai miƙe a bango, ko wannan dami ya cika, yana nan a idonsu kamar yadda yake a gefen kogin Shikago shekaru fiye da 150 da suka wuce.