Ƙungiyar Manoman Alkama ta Saskatchewan: Yadda Ta Kafu da Yadda Ta Bar Hannun Masu Ita

Manomin da aka haifa a shimfiɗaɗɗun filayen Saskatchewan, a yammacin Kanada, cikin shekarun 1920, ya kuma kai tsufa a gonarsa, ya yi rayuwarsa ne kafaɗa da kafaɗa da ƙungiyar Saskatchewan Wheat Pool, wadda mutanen yankin ke kira Pool a taƙaice. Rumbunta mahaifinsa ya kai wa alkama, shi ma can ya kai tasa. Jaridarta yake karantawa, taronta yake zuwa idan dusar ƙanƙara ta rufe gona.

Takaici ne ya haifi ƙungiyar. A farkon ƙarni na 20, alkamar yankin ba ta da hanyar fita sai jirgin ƙasa, kuma kafin ta shiga tarago sai ta bi ta dogon rumbun katako da ke bakin layin dogo. Kamfanoni ne ke da rumbunan. Ma'aikacinsu ne ke awo, shi ke yanke darajar hatsi, shi ke cire abin da ya kira datti. Manomi kuwa ana bin sa bashi, dole ya sayar da kaka, lokacin da farashi ya fi faɗuwa. A 1901 an samu damina mai albarka amma taragu suka yi ƙaranci, alkama ta rasa wurin zuba. A watan Disamba na shekarar manoma suka taru a garin Indian Head suka kafa ƙungiyarsu ta farko ƙarƙashin W. R. Motherwell. A 1902 suka kai ƙarar wakilin kamfanin jirgin ƙasa na Canadian Pacific a Sintaluta kan rabon taragu, suka kuma yi nasara.

Sai dai farashi bai dawo hannunsu ba. A 1919 gwamnati ta kafa hukumar sayar da alkama, manoma suka ji daɗinta, amma shekara guda kawai ta yi aka rushe ta, farashi ya zube. A 1923 wani lauya daga Kalifoniya, Aaron Sapiro, ya zagaya yankin yana jawabi kan dabarar da masu lambunan jiharsu suka bi: a haɗa amfani wuri ɗaya, a sayar da shi da baki ɗaya. Aka yi wa ƙungiyar Pool rajista a watan Agusta, da sharaɗin cewa ba za ta fara aiki ba sai ta samu rabin gonakin alkamar lardin. Ba a cika sharaɗin a shekarar ba. Masu sa kai suka ci gaba da bin gonaki ɗaya bayan ɗaya, har a watan Yuni na 1924 manoma fiye da 45,000 suka sa hannu a yarjejeniyar shekara biyar. A. J. McPhail ya zama shugaba na farko.

Tsarin ba shi da wuyar ganewa. Manomi ya kawo alkama, a ba shi kafin alƙalami. Ƙungiya ta riƙa sayarwa sannu a hankali tsawon shekara, ta hannun ofishi ɗaya da ta haɗa da takwarorinta na Alberta da Manitoba. A ƙarshe a raba ragowar, duk wanda ya kawo hatsi mai daraja ɗaya ya samu farashi ɗaya. Ana cire ɗan abu kaɗan daga kowane awo don gina rumbuna, kuma mai babbar gona da mai ƙarama ƙuri'a ɗaya kowa ke da ita. Rumbun farko ya tashi a Bulyea a 1925. A 1926 ta sayi wani kamfanin manoma mai rumbuna 451.

Shekarar 1929 ta kusa kashe ta. Ta biya kafin alƙalami na dala ɗaya kan kowane bushel, wato awon da ya kai kilo 27, sai kasuwar duniya ta karye, farashi ya sauka ƙasa da abin da aka riga aka biya. Gwamnatin lardi ta tsaya mata a wajen bankuna, ƙungiyar ta fita da bashin kimanin dala miliyan 13, ga fari da guguwar ƙura na shekarun 1930. Ba ta gama biya ba sai 1949. Tun bayan karyewar kasuwar ta koma ƙungiyar rumbuna, sayarwa kuma ta dawo hannun hukumar alkama da gwamnati ta sake kafawa a 1935. A haka ta girma har ta zama mafi girman mai karɓar hatsi a Kanada, tana da ma'ajiyoyi a tashar ruwa ta Thunder Bay, da masana'antar fulawa, da jaridar The Western Producer.

Abin da ya sauya ta kuɗi ne. Gonaki suka faɗaɗa, manoma suka ragu, ƙananan layukan dogo suka soma rufewa, aka kuma soke tallafin dakon hatsi a 1995. Manyan ma'ajiyoyin siminti da zamani ya buƙata sun fi ƙarfin gudummawar mambobi, tsofaffi kuma suna jiran a biya su kasonsu. A 1996 ta shiga kasuwar hannun jari ta Toronto, duk da adawar wasu mambobi. Bashin faɗaɗawa ya yi mata nauyi, aka rushe ɗaruruwan rumbunan katako. A 2005 ta daina zama ƙungiyar gama kai, a 2007 ta haɗiye Agricore United ta ɗauki sunan Viterra, a 2012 kamfanin Glencore na Suwizalan ya saye ta. A wannan shekarar ce kuma dokar da ta wajabta sayar da alkama ta hannun hukuma ta daina aiki, kowane manomi ya koma yin cinikinsa da kansa.