Wane Ne Shahidi?

Ya kai mai karatu, ka san aikin shaidu a kasuwa. In za a sayar da doki ko gona, akan kira mutum biyu su tsaya, domin ran da gardama ta tashi su faɗi abin da idonsu ya gani. To, a Larabci shaida da shahada da shahidi duk tushensu ɗaya ne. Haka yake kuma a Helenanci, harshen Sabon Alkawari: sunan da aka ba Istifanas, wanda aka jajjefe a Urushalima, ma'anarsa mai shaida. Daga baya mutuwa ta shigo cikin kalmar, gama akwai shaidun da aka ce su janye maganarsu, suka ƙi.

Bari mu duba yadda aka yi da kalman nan a Sudan, hanyar alhazanmu na ƙafa. Ran 26 ga Janairu 1885 mutanen Mahadi suka ci Kartum, suka kashe Gordon. Mutanen Ingila da yawa suka ɗauke shi shahidin Kirista. Mai ibada ne, gaskiya, amma gwamna ne na sarkin Masar, da soja da igwa a hannunsa. Ran 2 ga Satumba 1898 kuwa Kitchener ya gamu da rundunar Halifa Abdullahi a Karari, kusa da Omdurman. Kafin azahar Ansaru wajen 10,000 sun faɗi, nasu kuma suka ce shahidai ne. Kowane gefe ya ba matattunsa sunan, ya hana na abokin gāba.

Wanda na fi so ka duba ba ya riƙe da makami ko kaɗan. Mahmud Muhammad Taha Musulmi ne, tsoho, mazaunin Omdurman. Ya fitar da takarda yana sūkan dokokin da Shugaba Numairi ya kafa a 1983. Aka yanke masa hukuncin ridda.  Bai janye maganarsa ba. Ran 18 ga Janairu 1985 aka rataye shi a kurkukun Kobar, hayin kogi daga Kartum. Almajiransa 4 da aka yanke wa hukunci tare da shi suka janye, aka bar su da rai.

Waɗansu suka ce mai ridda ne, almajiransa suka ce shahidi. A 1986 babban kotun ƙasar ya soke hukuncin, a 2020 kuma aka cire laifin ridda daga dokar Sudan.