Fantalo

Dattawan Ruwan Gizo da suka yi samartaka a shekarun 1970 sun san fantalo: wando ne matsattse a cinya, daga gwiwa kuma ya buɗe har yana sharar ƙasa. Da shi samari ke cin kasuwar Talata Mafara.

Kalmar aro ce daga Faransanci, "pantalon", kuma da alama ta Nijar ta shigo mana. Bahaushe ba ya furta "p", sai ya mayar da ita "f", ya yar da "n" ɗin ƙarshe. Ga Bafaranshe kowane wando pantalon ne, mu ne muka keɓe ta ga mai faɗin baki.

Su ma Faransawan aro suka yi, daga Pantalone, wani tsohon attajiri marowaci a wasan kwaikwayon Italiya na ƙarni na 16. Abin dariya, lokacin da fantalo ke tashe, Turawan Italiya ne ke gina madatsar ruwa ta Bakolori a yankin, wadda aka kammala a 1978.

Daga baya wandon tsala ya kori fantalo, sunansa ya koma na tsokana. Yanzu ga shi a ƙafar jikoki, da yadin jins.