Maganin Makeron Matsematsi a Masarautar Daura: Nazari kan Kunya, Kemis da Mayukan Haɗi

Tsakure

Wannan maƙala ta nazarci makeron da ke kama matsematsi da cikin cinya. Ta ɗauki hanyoyin maganin da ilimin likitanci ya tabbatar, ta auna su da yanayin rayuwa a Masarautar Daura. Ta nuna cewa cutar ba ta da wuyar warkewa, abin da ke sa ta daɗe a jiki shi ne kunyar nuna ta ga ma'aikacin lafiya da kuma shafa mayukan haɗi masu sinadarin sitiroyid. Ta ba da shawarar a fara gyara daga shagunan kemis.

1.0 Gabatarwa

Masarautar Daura ta ƙunshi ƙananan hukumomi biyar: Daura da Baure da Mai'adua da Sandamu da Zango. Daga Maris zuwa Mayu zafi kan kai digiri 40, daga Yuni zuwa Satumba kuma damina ta kawo laima. Manomi a gona, ɗan acaɓa a kan babur, direban da ke bin hanyar Kongolam, ɗalibi a makarantar kwana, duk suna wuni da gumi a matsematsi. Ɗumi da danshi da gogayyar fata su ne abin da ƙwayar wannan cuta ke nema.

2.0 Cutar da Yadda Ake Gane Ta

Likitoci na kiran ta tinea cruris. Ƙwayoyin fangas, dangin funfuna, su ke haddasa ta, musamman Trichophyton rubrum da Epidermophyton floccosum, waɗanda ke rayuwa a saman fata. Ta fi kama maza baligai, amma mata ma ba su tsira ba. Ƙiba da ciwon suga da raunin garkuwar jiki na ba ta dama. Ana ɗaukarta ta tawul ko wando ko shimfiɗa, kuma sau da yawa daga tsakanin yatsun ƙafar mutum take tasowa, gajeren wando ya kwaso ta wajen sawa.

Tabon kan faro daga lungun cinya ya yi ƙasa. Bakinsa a ɗan tashe yake, da ɓawo-ɓawo, tsakiyarsa kuma kamar ta lafa. A baƙar fata ya fi bayyana da duhu ko ruwan toka, ba ja ba. Yawanci ba ya hawa fatar maraina, wannan ne ke bambanta shi da cutar kandida. Akwai kuma cutar da bakteriyar Corynebacterium minutissimum ke kawowa a wannan wuri, wadda maganin bakteriya take buƙata. Idan an yi kokwanto, sai a kankaro ɓawon bakin tabon, a ɗiga masa sinadarin KOH, a duba a madubin likita.

3.0 Maganin da Ya Tabbata

Ga tabon da bai yaɗu ba, man shafawa ya wadatar. Ana shafa tabinafin mai ƙarfin kashi 1 cikin 100 na mako 1 zuwa 2, ko kulotirimazol ko mikonazol sau biyu a rana na mako 2 zuwa 4. A wanke wurin, a tsane shi sarai, a shafa har a zarce bakin tabon da kamar santimita 2. Ƙaiƙayi kan lafa kafin ƙwayar ta mutu, saboda haka tilas a cika wa'adin. Idan akwai cutar a ƙafa, a yi maganinta lokaci guda.

Idan tabon ya yaɗu ko ya ƙi jin shafawa, likita kan rubuta na sha, kamar tabinafin miligiram 250 kullum na mako 2 zuwa 4, ko itirakonazol. Waɗannan na iya taɓa hanta, don haka ba a shan su da ka. Mai juna biyu ba ta shan girisiyofulbin, wani maganin makero na sha. Nistatin na kashe kandida amma ba ya taɓa makero. Ɗanyar tafarnuwa ko man birki da wasu ke gogawa ƙona wannan fata mai laushi kawai suke yi.

4.0 Kunya, Kemis da Mayukan Haɗi

Wurin da cutar take zama wuri ne da tarbiyyar Bahaushe ta hana a ambata. Mai ita kan tsaya a bakin kemis har sai mutane sun ragu, sannan ya sassauta murya ya ce yana fama da "sanyi", ko ya ce wani abokinsa ne ke ƙaiƙayi. Mai shago bai ga tabon ba, sai ya miƙo man da ya fi saurin kwantar da susa.

Galibi man haɗi ne mai magunguna uku. Funbact-A, alal misali, ya ƙunshi kulotirimazol da niyomaisin da betametazon, shi kuma Skineal ya ƙunshi ketokonazol da niyomaisin da kulobetasol. Betametazon da kulobetasol sitiroyid ne masu ƙarfi. Suna kashe ƙaiƙayi cikin 'yan kwanaki, amma suna danne garkuwar fata, ƙwayar ta samu sarari ta bazu zuwa mara da ɗuwawu. Da an daina shafawa sai ciwon ya dawo, a koma a sake saye. Fatar matsematsi siririya ce, tana tsotse maganin sosai, kuma doguwar shafawa na bar mata nankarwa da ba ta gogewa. Kamannin tabon ma kan sauya har ya rikita likita, yanayin da masana Ive da Marks suka sa wa suna tinea incognito a 1968.

Abin da ya faru a Indiya ya isa gargaɗi. Bayan shekaru ana sayar da irin waɗannan mayuka barkatai, makero mai taurin kai ya zama annoba a can. A 2020 aka bai wa ƙwayar da ke bijire wa tabinafin suna Trichophyton indotineae, kuma a 2023 hukumar CDC ta ba da rahoton ɓullarta a Amurka. Yankin da fatake ke kai da komo a kasuwar Mai'adua da kan iyakar Nijar bai kamata ya jira sai ta iso ba.

5.0 Shawarwari

Na farko, Hukumar PCN mai ba masu kemis lasisi da NAFDAC su koya musu bambancin man fangas zalla da man haɗi, su kuma sa ido kan sayar da sitiroyid ba da takardar likita ba. Na biyu, mai kemis ya tura duk wanda bai samu sauƙi ba bayan mako 2, da mai ciwon suga, zuwa Babban Asibitin Daura ko cibiyar lafiya mafi kusa. Na uku, asibitoci su tanadi ɗakin duba mai sirri, namiji ya duba namiji, mace ta duba mace. Na huɗu, makarantun kwana da na allo su hana aron tawul da wando, su ƙarfafa shanya tufafi a rana da tsane jiki bayan wanka da tsarki.

6.0 Kammalawa

Makeron matsematsi ba ciwon sanyi ba ne, kuma kamuwa da shi ba shaidar alfasha ba ce. Man fangas zalla guda ɗaya, a shafa shi har wa'adi ya cika, yana warkar da mafi yawan masu shi. Hausawa sun ce ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Duk wanda ke fama da wannan ƙaiƙayi ya nuna wa ma'aikacin lafiya, kuma ya karanta abin da ke jikin kwali kafin ya shafa.