Uwaye Biyu na Birnin Tibilisi

Tibilisi, babban birnin ƙasar Jojiya, yana kwance cikin kwarin kogin Kura, kudu da manyan duwatsun Kafkas. Baƙon da ya shigo shi, abin da idonsa zai fara kamawa shi ne mutum-mutumin wata mata tsaye bisa tudun Sololaki, daura da tsohuwar ganuwar Narikala. Ana kiranta Kartlis Deda, wato Uwar Kartli, yankin da birnin yake cikinsa. Tsawonta mita 20 ne. Ta riƙe ƙwaryar giyar inabi da hannun hagu domin mai zuwa da aminci, takobi kuma da hannun dama domin mai zuwa da yaƙi. An kafa ta a 1958, lokacin bukin cikar birnin shekara 1500, kuma gwanin sassaƙa Elguja Amashukeli ne ya tsara ta. Daga 2012 ana hawa tudun cikin wasu akwatuna masu bin igiyar ƙarfe.

Amma a ganinmu wurin da ya fi nauyin tarihi yana ƙasa, bakin kogi, inda baƙi ba su cika daɗewa ba. Wani ɗan lambun shaƙatawa ne mai suna Deda Ena, ma'anarsa harshen uwa. Sunan kuwa na littafin koyon karatu ne wanda malam Yakob Gogebashbili (1840-1912) ya wallafa a 1876, zamanin da Jojiya take ƙarƙashin sarkin Rasha, harshen Rashanci kuma yana ta mamaye makarantu. Dabarar littafin abin lura ce ga duk mai shirya littattafan yaƙi da jahilci. Harshen Jojiyanci yana da haruffansa na kansa, 33 a yau, amma malamin bai jera wa yaro su duka ba. Darasin farko wasula biyu kawai ya ɗauka, a da i, ya gina kalmomi masu ma'ana da su, har yaro ya koma gida ran farko yana ganin ya iya karatu. A 1879 shi da marubuci Iliya Cabcabadze da wasu suka kafa ƙungiyar yaɗa karatu da rubutu tsakanin mutanen Jojiya, wadda ta buɗe makarantu da ɗakunan karatu a garuruwa da dama.

Bayan shekara 102 da fitowar littafin aka ga amfaninsa. A 1978, zamanin Tarayyar Sobiyet, hukuma ta shirya sabon tsarin mulkin Jojiya, ta cire ayar da ta ce Jojiyanci ne harshen hukuma. Ran 14 ga Afrilu dubban mutane, galibinsu ɗalibai, suka taru gaban majalisa bisa titin Rustabeli, alhali kowa yana tune da yadda soja suka buɗe wuta a kan masu zanga-zanga cikin wannan birni a 1956. Eduwar Shebardnadze, shugaban jam'iyyar kwaminis ta Jojiya a lokacin, ya tuntuɓi Mosko, aka mayar da ayar. Irin wannan ja da baya ba a saba ganinsa ba a Sobiyet.

A 1983 aka kafa alamar tunawa da harshen uwa cikin lambun, aikin Amashukeli ɗin nan da ya yi matar bisa tudu. Daga 1990 kuma ranar 14 ga Afrilu ta zama ranar harshen Jojiyanci, ƴan makaranta da malamansu sukan taru a lambun su aje furanni.