Sojojin ko-ta-kwana a Faransa: abin da ke riƙe su, da abin da ke korar su

Sojojin ko-ta-kwana, waɗanda ake kira réservistes da Faransanci, farar hula ne masu sana'arsu da ke sa kaki na wasu kwanaki a shekara. Faransa ta ƙara dogaro da su tun da dokar 1997 ta dakatar da aikin soja na tilas. Bayan hare-haren Paris da Nice, ta kafa Garde nationale a watan Oktoba na 2016 domin ta haɗa kansu.

Mai son shiga yana sa hannu a kwantiragin shekara 1 zuwa 5. Ana biyansa kuɗin kowace ranar aiki daidai da sojan dindindin mai muƙami irin nasa, kuma babu haraji a kan kuɗin.

Ba kuɗi kaɗai ke riƙe su ba. Suna samun gamsuwa idan an ba su aiki na gaske, kamar sintirin Sentinelle a tashoshin jirgin ƙasa, da horo mai kyau, da mutunci daga sojojin dindindin. Jinkirin biyan kuɗi, ƙarancin kayan aiki da kiran gaggawa da ke rikita iyali suna sanyaya musu gwiwa.

Babban ƙulli shi ne wurin aikinsu na farar hula. Dokar 2023 ta wajabta wa manyan kamfanoni su saki ma'aikaci na kwana 10 a shekara. Faransa na son samun sojojin ko-ta-kwana 105,000 nan da 2035, sai dai ɗaukar sababbi ba zai wadatar ba idan tsofaffi suna ajiye kaki.