Daga bariki zuwa meri: sunayen gidan hukuma a ƙasar Ƙonni

Idan dattijo ya taso daga Alela da sassafe zai shiga Birnin Ƙonni neman wata takarda, ka tambaye shi ina zuwa, cewa zai yi za shi bariki. Jikansa da ya je karɓo takardar haihuwa cewa yake ya je meri. Mai karanta labarai a rediyo kuwa ofishin magajin gari yake faɗi. Na daɗe ina sauraren waɗannan sunaye, kuma na yi imani tarihin gidajen hukuma na wannan yanki ya fi zama a cikinsu fiye da a jikin bangon gine-ginen.

Bariki ce ta fi tsufa, ita ce kuma ta fi ban mamaki. Kalmar Ingilishi ce mai nufin masaukin soja, ga ta kuma ta yi kaka-gida a ƙasar da Faransa ta mulka. Wanda ya san Ƙonni ba zai sha wahalar gane dalili ba: tsakaninta da Illela ta jihar Sakkwato tafiya ce ta ɗan lokaci, kuma kalma ba ta tsayawa a binciki kayanta a bakin iyaka. Haka gwamna da gwamnati suka shigo. Faransawa sun iso Ƙonni da wuta, a watan Mayun 1899, lokacin da ayarin Voulet da Chanoine ya karkashe mutanen birnin. Mulkin da ya biyo baya ya raba ƙasa zuwa abin da suka kira cercle, wato da'ira, kowace da kumandan a kanta. Wurin zaman kumandan, da gardawansa, da gidan kaso, shi ne bariki. Can ake kai kuɗin haraji, wanda mutanen nan ke kira lanho, daga can kuma ake aiko neman mutanen aikin dole. Shi ya sa ba a yi wa kalmar kyakkyawan zato ba. Ɗan bariki shi ne wanda ya bar tarbiyyar gida ya koyi wayon zama da Nasara, barikanci kuwa kowa ya san ba yabo ba ne.

An sami 'yanci a 1960, amma sunan bai motsa ba. A 1964 gwamnatin Diori Hamani ta yi sabon tsari: manyan yankuna bakwai, Tawa ɗaya daga ciki, da perefe a kanta, Ƙonni da Illela ta Nijar kuma kowace da superefe. Tsofaffi suka ci gaba da kiran sabon jami'in kumandan, ko da yake ɗan ƙasa ne. Ba na ganin wannan a matsayin rashin sani. Sun duba ne suka ga daga Yamai ake naɗo shi, kuma ba su da ta cewa a zuwansa ko tafiyarsa.

Daga baya matakan suka sake hawa: Tawa ta zama jiha mai gwamna, Ƙonni da Illela suka zama gundumomi, superefe ya koma perefe. A 2011 aka ƙara yawan gundumomin ƙasar daga 36 zuwa 63, Malbaza mai masana'antar siminti ta fita daga Ƙonni tare da Dogerawa, Bagaruwa kuma ta fita daga Illela. Ita kanta gunduma kalma ce ta mahauta da masu rabo: a gunduma maka abu shi ne a yanko maka babban yanki.

Inda sabon abu ya shigo da gaske shi ne meri. Ranar 24 ga Yulin 2004 aka yi zaɓen ƙananan hukumomi 265 a faɗin Nijar, Alela da Bazaga da Tsarnawa suka sami majalisunsu. A karon farko manomin ƙauye ya ga gidan hukuma wanda mazauna cikinsa shi ya jefa musu ƙuri'a, ya san iyayensu, yana iya tare su a kasuwa ya yi musu maganar rijiya. Masu fassara suka rasa me za su kira shugaban wannan gida, sai suka ɗauko sarautar gargajiya, magajin gari, irin wadda ake da ita a Sakkwato. Zaɓin ya yi daɗin ji, sai dai akwai ɗan karo a ciki, domin magaji mai gado ne, shi kuwa wannan wa'adi gare shi. A ƙetaren iyaka babu wannan damuwa: tun gyaran 1976 da ya kawar da En'e, wato hukumar sarakuna, ciyaman da kansiloli ake cewa, gidansu kuma sakatariya. Mutanen Ƙonni suna cewa konseye, 'yan uwansu na Illela ta Najeriya suna cewa kansila, aikin ɗaya ne.

A watan Afrilun 2024 gwamnatin Janar Tiani ta rushe majalisun, ta naɗa masu riƙo. Kalmar Hausa da ta dace da irin wannan muƙami ita ce kantoma. Wasu na ɗauka daga canton ta Faransanci take, wato ƙasar sarki, alhali daga Ingilishi ta fito, sunan alƙalin da ke kula da unguwar bariki a zamanin Turawa.

A watan Maris na 2025 sabon kundin ƙasa ya ayyana Hausa harshen ƙasa, Faransanci ya koma harshen aiki. Ina fatan in an zo sake rubuta allunan ƙofa za a fara da sunan garin. Bature ne ya tsinke Birnin Ƙonni gida biyu ya rubuta Birni N'Konni, ya cire harafin da ke haɗa birni da mai shi ya manna a gaba, kuma har yau haka yake a takardun hukuma da taswira.